Laba 12 a kan yatsa ɗaya: yadda 'yan sandan New York suka ƙare da kunamar bindigarsu

Da misalin ƙarfe tara na safiyar Juma'a, 24 ga Agustan 2012, wani mutum mai shekara 58 ya harbe tsohon abokin aikinsa har lahira a gefen titi, dab da dogon benen nan na Empire State da ke birnin New York a Amurka. Ya mayar da bindigarsa cikin jaka, ya kama gabansa kamar bai yi komai ba. Wani ma'aikacin gini da abin ya faru a kan idonsa ya bi sawunsa, ya tsegunta wa 'yan sanda biyu da ke gadi a ƙofar benen. Da suka cim masa sai ya juyo ya zaro bindiga. Tsakaninsu bai wuce 'yan taku ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi 'yan sandan suka saki harsashi 16, mutumin ya faɗi matacce. Da ƙura ta lafa sai ga mutum tara masu wucewa da raunuka. Kwamishinan 'yan sandan birnin na lokacin, Raymond Kelly, ya tabbatar da cewa dukansu harsasan 'yan sanda ne suka same su, uku kai-tsaye, sauran kuma ɓaraguzan harsasan da suka daki manyan tukwanen furanni na kankare suka tarwatse. Maharin bai samu damar harba ko ɗaya ba a wannan arangamar.

Babu mai hankalin da zai ce kada ɗan sanda ya harbi wanda ya nuna masa bindiga. Abin da masu koyar da harbi suka riƙa tambaya shi ne: ta yaya harsashi zai ɓace a tazarar da ba ta fi faɗin ɗaki ba? Dalilai sun yi yawa, akwai firgici, akwai motsi, ga titi maƙil da jama'a a lokacin zuwa aiki. Amma akwai abu ɗaya da ya bambanta 'yan sandan New York da kusan dukan takwarorinsu na Amurka, kuma shi aka fi nunawa da yatsa. A wancan lokacin, kunamar bindigarsu sai an sa mata ƙarfin laba 12, wato kusan kilo biyar da rabi, kafin ta tashi.

Asalin nauyin

Shekaru aru-aru rundunar tana riƙe da libarba mai cin harsashi shida. A irin wannan bindiga, jan kunama ɗaya ne ke juya gidan harsashi, ya ɗaga 'yar gudumar baya, ya kuma sake ta. Aiki uku a ja ɗaya, dole ya yi nauyi kuma ya yi tsawo. Ɗan sandan da ke son sauƙi yakan ɗana gudumar da babban yatsa, daga nan kunama ta zama taɓa-ni-in-tashi, kuma an sha samun harbin kuskure ta wannan hanya. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1980 rundunar ta koma sayen libarbar da ba a iya ɗana ta haka sam. Tunanin manyan rundunar ke nan tun daga lokacin: in ana son rage harbin kuskure, a ƙara wa kunama tauri.

A farkon shekarun 1990 aka fara sauya libarba da ƙananan bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi, masu cin harsashi 15 ko fiye. Cikin waɗanda aka amince da su akwai Glock 19 ta ƙasar Ostiriya, da SIG Sauer P226, da Smith & Wesson 5946. Glock kamar yadda take fitowa daga kamfani, kunamarta laba biyar da rabi ce, kilo biyu da rabi ke nan, kuma ba ta da wani makulli a gefe da za a buɗe kafin a yi harbi. Ga dubban 'yan sanda da hannunsu ya saba da libarba, waɗanda da yawansu sun saba ɗora yatsa a kan kunama da zarar sun zaro bindiga don sun san ba ta tashi da wasa. Miƙa wa irin waɗannan Glock yadda take, neman magana ne.

Hanya biyu ce a gaban rundunar. Ko ta sake wa mutum fiye da 30,000 tarbiyyar yatsa, ko ta sauya ɗan ƙarfe guda a cikin bindigar. Ta ɗauki ta biyu. Kamfanin Glock ya riga ya ƙera wani sifirin mai tauri saboda 'yan sandan jihar New York, wanda ya kai kunama wajen laba takwas. Na birni suka ce bai isa ba, aka yi musu wanda ya fi shi, mai kai wa laba 12, daidai da abin da suka saba da shi a libarba. Har yau a kasuwar bindiga ta Amurka da sunan New York ake kiran waɗannan sifirin ɗin biyu.

A ganina, a lokacin ba wauta suka yi ba. Gada ce ta tsallakar da tsofaffin hannu zuwa sabon makami. Inda gizo ya yi saƙar shi ne gadar ta zama gida. Kurtun da aka ɗauka a 2010, wanda bai taɓa riƙe libarba ba a rayuwarsa, shi ma laba 12 aka ba shi, don magance ɗabi'ar da bai taɓa koya ba. Libarbar kanta sai a 2018 aka gama janye ta daga hannun tsirarun da suka rage da ita, amma nauyin da aka ƙirƙira dominta ya ci gaba da zama.

Abin da ke faruwa a cikin hannu

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wanda bai taɓa lura ba zai ɗauka cewa iya harbi iya saiti ne. Saiti kuwa shi ne mafi sauƙi. A kan bakin ƙaramar bindiga akwai ɗan tsini, a bayanta akwai 'yar tsaga. Ka daidaita tsinin a tsakiyar tsagar, ka ɗora shi a kan abin da kake bara, saiti ya ƙare. Cikin minti goma ana koya wa mutum wannan. Wahalar ita ce a ja kunama har harsashi ya fita ba tare da wannan daidaiton ya goce ba.

Glock 19 cike da harsashi ba ta kai kilo ɗaya ba, gram 850 ce ko kusa da haka. Da kunamar kamfani, yatsa na matsa mata ƙarfin da ya ninka nauyinta sau uku. Da ta New York, ya haura sau shida. Kwatanta mutum riƙe da kofin shayi cike fal, an ce ya ɗaga galan ɗin ruwa mai lita biyar da manuniyar wannan hannun, kuma kada ɗigo ɗaya ya zuba. Ga shi kuma Allah bai halicci yatsun hannu su yi aiki a rarrabe ba. Miƙa hannunka yanzu kamar kana riƙe da wani abu, ka lanƙwasa manuniya da ƙarfi, ka duba sauran ukun. Za ka ga suna son bin ta. In suka matse, bakin bindiga ya sunkuya. In kuma manuniyar ta tura kunama ta gefe maimakon ta jawo ta baya sak, bakin ya karkata. Shi ya sa malaman harbi ba sa ma buƙatar kallon ɗalibi, allonsa kawai suke dubawa: mai harbi da dama in yana fizgar kunama, ramukansa kan taru a ƙasa ta hagu, bahago kuma a ƙasa ta dama.

Lissafin gocewar ba shi da tausayi. Tsakanin tsinin gaba da tsagar baya a Glock 19 milimita 153 ne kacal. In tsinin ya kauce da milimita ɗaya, kaurin da bai kai na ƙwayar gero ba, a yadi bakwai harsashi zai sauka santimita huɗu daga inda aka nufa. A yadi 25 ya zama santimita 15. Hannun da ke kokawa da laba 12 cikin firgici kuwa ba milimita ɗaya yake gocewa ba, yana iya yin biyar ko goma. Ninka ka gani. Harsashin ya bar ƙirjin wanda aka nufa, ya tafi neman na bayansa.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko wuyar magani. Bindiga tana da ƙara, tana da shuri. Jiki ya san suna tafe, don haka tun kafin harsashi ya tashi sai ya runtse ido ya danna hannu ƙasa don ya tare shurin. Maharbin ba ya sanin ya yi, saboda shurin gaske yana zuwa nan take ya rufe motsin. Zai rantse maka saitinsa daidai ne, bindigar ce karkatacciya. Doguwar kunama mai tauri tana ƙara wa wannan ciwo ƙarfi, domin jira ya yi tsawo: ana ja, ana ja, ba ta tashi ba, sai mutum ya ƙosa ya fizge ragowar da ƙarfin tsiya daidai lokacin da ya ga tsinin ya hau tsakiya.

Masu gasar harbi sun daɗe da sanin wannan. A gasar Olamfik ta bindigar iska mai tazarar mita goma, doka ta ce kunama kada ta gaza gram 500, kuma kowa a kan wannan iyakar yake tsayawa, don da'irar maki goma milimita 11.5 ce faɗinta. Mutane sun sha mamakin Yusuf Dikeç ɗan Turkiyya a Paris a 2024, hannu a aljihu, ba wani tabarau na musamman, ya tafi da azurfa. Hannun aljihun aka kalla. Aikin kuwa yana can a ɗaya hannun, a yatsan da ke tafiya shi kaɗai ba ya jan 'yan'uwansa. Ɗan sandan New York an ɗora masa ninki goma na wannan nauyin, da harsashi mai shuri, a kan titi.

Maganin da malamai ke bayarwa sananne ne, kuma ba ya cin kuɗi sai lokaci. Na farko, riƙo mai ƙarfi da hannu biyu, yadda hannun tallafi zai ɗauke mafi yawan matsin, manuniya ta samu 'yanci. Na biyu, a riƙa ƙara wa kunama nauyi a hankali ba tsayawa, ido a kan tsinin gaba, a bar harsashi ya tashi a lokacinsa. Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundumbala na Amurka da ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, ya koyar da cewa tashin harsashin ya kamata ya zo wa maharbi kamar ba zato, don jiki ba ya iya tarar abin da bai san lokacinsa ba. Da sabo sai a matse wannan jan ya zama cikin ƙiftawar ido, amma salonsa bai sauya ba. Na uku, atisaye da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta. Wasu malaman sukan ɗora kwabo ko fankon harsashi a kan bakin bindigar, ɗalibi ya ja kunama, in abin ya faɗo an san hannu ya motsa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi duka tona asiri. Malami ya cakuɗa harsasan gaske da na roba a gidan harsashi ba tare da ɗalibi ya san jerinsu ba. Ɗalibi ya harba na farko, ya harba na biyu, a na uku sai bindiga ta ce ƙyas, ba ƙara ba shuri, amma bakinta ya yi sujada a gaban kowa. A wannan lokacin ne mutum ke gani da idonsa abin da aka yi ta faɗa masa yana musu.

Duk waɗannan suna aiki ko da laba 12 ne. An yi gwanayen libarba da ke saka harsashi shida a rami ɗaya da irin wannan nauyin. Sai dai mutane ne da suka ja kunama sau dubbai. Ɗan sandan New York kuwa, bayan ya fita daga makaranta, sau biyu a shekara ake kai shi filin harbi, akasari na Rodman's Neck da ke Bronx, ya harba 50 a kan allon takarda da ba ya motsi, in 39 suka shiga ya ci jarrabawa. An ba shi kunamar da ta fi kowace buƙatar atisaye, atisayen da ake ba shi kuwa kaɗan ne.

Bayan kisan Sean Bell a Nuwamban 2006, wanda 'yan sanda suka yi wa motarsa ruwan harsashi 50 a asubahin ranar ɗaurin aurensa, rundunar ta gayyato cibiyar bincike ta RAND ta duba horonta. Rahoton ya fito a 2008. Ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasan 'yan sandan ne ke samun wanda aka nufa. In ɗaya ɓangaren ba ya ramawa, kashi 30.

Shin ko ya hana abin da aka yi shi dominsa?

Da a ce nauyin yana hana zubar da jinin bayin Allah, da sai a ce an yi asarar saiti an sami riba a wani wuri. To amma a Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu sun harba 41 kan Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini da ke tsaye a ƙofar gidansu a Bronx ba makami, 19 suka same shi. A lamarin Bell, jami'i ɗaya ya harba 31, har da sauya gidan harsashi a tsakani. Mutumin da ya yanke shawarar harbi, jininsa na tafasa, ba ya jin bambancin laba biyar da 12.

Saura harbin kuskure, wanda shi ne ainihin dalilin sifirin ɗin. A daren 20 ga Nuwamban 2014, wani sabon ɗan sanda mai suna Peter Liang yana sintiri da abokin aikinsa a wani rukunin gidajen gwamnati a Brooklyn. Fitilar matakalar hawa na takwas ta mutu. Tocila a hannu ɗaya, Glock a ɗaya, ya tura ƙofa da kafaɗa. Ya ce wata ƙara ce ta razana shi, bindiga ta tashi. Harsashin ya daki bango ya karkata ƙasa, ya shiga ƙirjin Akai Gurley, ɗan shekara 28, wanda ya shigo matakalar daga hawa na bakwai don ya gaji da jiran na'urar hawa bene. A shari'ar da aka yi a 2016, alƙali ya bari masu taya shi yanke hukunci su ɗauki bindigar ɗaya bayan ɗaya su ja kunamarta, wadda aka auna ta kai laba 11 da rabi. Da suka ji taurinta sai suka gamsu cewa ba yadda za a yi ta tashi sai yatsa na kanta. Suka same shi da laifi. Daga baya alƙalin ya sassauta laifin zuwa kisa ta hanyar sakaci, bai tura shi kurkuku ba.

Masana motsin jiki ba su yi mamaki ba. Roger Enoka na Jami'ar Colorado ya bayyana tun 2003 cewa abu uku kan sa hannu ya damƙe ba da izinin mai shi ba: razana, da tuntuɓe ko rasa daidaiton tsayuwa, da kuma yin aikin ƙarfi da ɗaya hannun, kamar fizgar ƙofa ko riƙe wanda ake kamawa. Binciken da Christopher Heim da abokan aikinsa suka yi a Jamus ya nuna cewa irin wannan damƙar tana iya fin ƙarfin kunamar yawancin bindigogin 'yan sanda, kuma wasu jami'an kan taɓa kunama a lokacin tashin hankali ba su ma san sun taɓa ba. Ke nan in yatsa na ciki, laba 12 ba katanga ba ce. In yana waje, miƙe a jikin bindiga, laba biyar ma ta isa. Dokar Cooper ta uku cikin dokokinsa huɗu ita ce wannan: yatsa ba ya shiga sai saiti ya hau kan abin da za a harba.

Kada kuma a ɗauka masu tsoron sassauta kunama ba su da hujja. Ofishin Sherif, wato 'yan sandan gundumar Los Angeles, ya bar bindigar Beretta 92, wadda harbinta na farko ke da nauyi, ya koma Smith & Wesson M&P mai laba shida zuwa takwas. Makin kurata ya tashi, musamman mata da masu ƙananan hannu, waɗanda a da yatsansu da ƙyar yake kai wa kunama. Amma harbin kuskure ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Da aka bincika sai aka ga tsohuwar cuta ce: jami'an da aka koya wa ɗora yatsa da zarar sun nuna bindiga, Beretta tana rufa musu asiri, sabuwar ta ƙi. Abin da New York ta ji wa tsoro a shekarun 1990 ke nan, kuma ya tabbata a wani gari.

A Agustan 2021, zamanin Kwamishina Dermot Shea, rundunar New York ta sanar da cewa sababbin kurata za su fara karɓar bindiga mai kunamar laba biyar. Ta kafa hujja da gwajin da ta yi da kurata 457: matsakaicin makinsu da sassauƙar kunama 93.7, da tsohuwar kuwa 88.7. Lauyoyi da masu fafutukar kare haƙƙin jama'a sun soki matakin, suna cewa rundunar da ke da tarihin Diallo da Bell ba ta buƙatar bindiga mai saurin tashi. Rundunar ta amsa cewa harsashin da ya samu wanda aka nufa ba ya samun mai wucewa, kuma wanda ya samu da wuri ba ya buƙatar ya yi ta harbi.

Na fi karkata ga rundunar a nan, amma da sharaɗi. Maki biyar a kan allon takarda, da rana tsaka, ba wanda ke ramawa, ba shi ne zai mayar da kashi 18 ya zama 80 ba. A Satumban 2024, shekara uku bayan sauyin, 'yan sanda sun buɗe wuta kan wani mai wuƙa a tashar jirgin ƙasa ta Sutter Avenue a Brooklyn, suka same shi, suka kuma sami fasinja biyu da ɗan'uwansu ɗan sanda. Sauya sifirin aikin minti biyar ne ga maƙerin bindiga, a 1990 da wani abu aka yi shi ta wannan fuska, a 2021 aka yi shi ta waccan. Shawarwarin da RAND ta bayar tun 2008 su ne masu tsadar: a ƙara atisaye mai kama da abin da ake tararwa a titi, kuma kada a wuce da kurtu gaba sai ya nuna ya iya abin da aka koya masa. Wannan yana nufin ɗauke dubban 'yan sanda daga bakin aiki zuwa fili, da kuɗin harsashi, da ƙarin malamai. Sanarwar 2021 kuwa sababbin shiga kaɗai ta shafa, tsofaffin ma'aikata an bar su da labansu 12, yadda mota ɗaya ta sintiri za ta iya ɗaukar 'yan sanda biyu masu bindiga iri ɗaya, kunamar ɗaya ta ninka ta ɗayan nauyi fiye da sau biyu.